Tikitin kasuwa: mu ƙi biya ko mu ci gaba da haƙuri?

Mai Barkono: Assalamu alaikum jama'ar guruf. Yau dai raina a ɓace na dawo daga kasuwa wallahi. Buhu huɗu na kai, tun ban sauke daga amalanke ba yaran nan masu tikiti suka tare ni wai yanzu ɗari biyar ne kowane buhu, abin da watan jiya ɗari biyu muka biya, na ce to ina rasit, sai ɗayan ya yago wata 'yar takarda ko hatimi babu ya miƙo min. Kuma ku dubi kasuwar, rumfar da iska ta yaye tun daminar bara langa-langarta na nan yashe a ƙasa awaki na kwana a kai, ba ruwa ba bayan gida. Ni shawarata ran Laraba mai zuwa kowa ya ƙi biya. Ba faɗa ba zagi, mu ce kawai ba ma bayarwa sai an nuna mana inda kuɗin ke shiga.

Ɗan Legas: Wane irin ba faɗa kuma kawu? Irin waɗannan ba sa jin lallashi sai sun ga gora. A tara samari a kora su har bakin kwalta, teburin nasu a cinna masa wuta, gobe ba mai sake zuwa.

Admin: Ɗan Legas ka kiyaye, ba a kiran ƙone-ƙone a guruf ɗin nan, in ka sake zan cire ka. A ci gaba da magana cikin mutunci.

Na'ibi: Wa alaikumus salam. Mai Barkono na ji zafinka, nima ina kai gero kasuwar nan. Amma a yi hattara. Allah ya ce a yi ɗa'a ga Allah da Manzo da ma'abota al'amari, tana nan a Suratun Nisa'i aya ta 59. Kuma ba mu manta da watan Agusta na 2024 ba, an fito da sunan zanga-zangar yunwa cikin lumana, kafin la'asar an fasa shaguna a Kano, an sa dokar hana fita har nan Jigawa, an rasa rayuka, yara ƙanana kuma aka kwashe su zuwa Abuja sai watan Nuwamba muka gan su a waya suna faɗuwa a kotu don yunwa. Wanda ya kira fitowar yana gidansa. Fitina tana barci, ba a son mai tashinta.

Ɗan Jami'a: Allah gafarta Malam, da izininka. Ina ganin abu uku muke cakuɗawa wuri ɗaya. Akwai tarzoma, irin wadda Ɗan Legas ke so. Akwai zillewa, wato ka bi ta bayan kasuwa da buhunka don kar a gan ka, wanda rabin mutanen garin nan sun iya shi. Sannan akwai na uku wanda shi kawu Mai Barkono ya kawo, ka tsaya a fili da rana tsaka ka ce ba zan bi wannan ba kuma ga dalilina, ba ka dakar kowa, ba ka gudu, in an ce kamu ka miƙa hannu. Wannan na ukun shi masana falsafa suka daɗe suna muhawara a kai. Wani Ba'amurke, Henry Thoreau, a 1846 ya ƙi biyan harajin kai saboda gwamnatinsa na goyon bayan bautar da mutane kuma tana yaƙi da Mekziko, aka rufe shi kwana ɗaya. Hujjarsa ita ce in kuɗinka ne ke tafiyar da zalunci to kai ma da hannunka a ciki.

Mai Shayi: Kwana ɗaya kacal? Hhhh ai wannan hutu ya je. Mu nan in aka kai ka caji ofis ran Laraba sai ka sayar da akuya kafin Juma'a.

Ɗan Jami'a: Wallahi gaskiyarka, wani ne ma ya biya masa aka sake shi da safe, shi kuma ransa bai so ba.

Tsohon Hedimasta: Yaro ka yi karatu, amma tunda ka buɗe wannan ƙofa bari in kawo maka wanda ya girmi Thoreau ɗin naka da shekara sama da dubu biyu. Socrates na ƙasar Girka, an yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, hukuncin da shi kansa ya san zalunci ne. Abokansa suka shirya masa hanyar gudu, kuɗi a hannu, ya ƙi. Ya ce garin nan shi ya raine ni, a ƙarƙashin dokokinsa iyayena suka yi aure, na shekara saba'in ina cin moriyarsu ban bar garin ba, to yau don hukunci bai yi min daɗi ba sai in tattake su? Ya sha gubar. Abin da nake tsoro kenan. In kowa zai zaɓi dokar da ta yi masa ya bi, gobe mai babur ya ce lasisi zalunci ne, jibi makiyayi ya ce hana shiga gona zalunci ne, kowa da fatawar kansa. Wa zai raba gardama? Shekara talatin da biyu ina riƙe makaranta, na san abin da ke faruwa ranar da yara suka gane doka abar zaɓe ce.

Ɗan Jami'a: Baba Hedimasta ai Socrates ɗin nawa ne ba naka ba. Bai gudu ba, e, amma tun a gaban kotu ya gaya musu ko sun sake shi da sharaɗin ya daina koyarwa ba zai daina ba. Ya ƙi bin umarni, ya kuma karɓi hukunci. Karɓar hukuncin nan shi ne amsar tambayarka. Mai babur ɗin da ka ambata in ya hango jami'i kwana yake yi ya shige lungu. Wanda ya yarda a ɗaure shi kan maganarsa ya nuna ba don aljihunsa yake yi ba, kuma bai raina doka gaba ɗayanta ba, guda ɗaya ya nuna wa yatsa. Martin Luther King, jagoran fafutukar baƙaƙen fatan Amurka, daga kurkukun Birmingham a 1963 ya ba da ma'auni mai sauƙi, dokar da masu rinjaye suka ɗora wa wasu amma su ba ta hau kansu ba, wannan ba adalci ba ce. To a kasuwarmu motar wa ake tsayarwa? Tirelar manyan dillalai ta shigo ta loda buhu ɗari uku ta fita ana ɗaga mata hannu, mai amalanke shi ake riƙe wa sa.

Mai Barkono: Yauwa! Wallahi a gabana aka yi yau.

Inna Mai Ƙosai: Sallama gare ku. 'Yata ce ke rubuta min. Duk na ji sunayen Turawan nan amma ba wanda ya yi maganarmu. Ni ɗari ake karɓa a kan kaskona duk ran kasuwa, yarinyar da ke tallan gyaɗa ma sai ta ba da hamsin. In kun ce a ƙi biya, ku maza za a yi ta cacar baki da ku, mu kuwa ƙafa ɗaya za a sa a kifar da mai a ƙasa, man da na ci bashi na saya. Marayu huɗu nake ci da su da kaskon nan. Kai ɗana na jami'a da ka ce a miƙa hannu a kama, ranar kana Dutse kana karatu. Wa zai ba yarana tuwo?

Mai Shayi: Toh fa. Inna ta kawo magana. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Ɗan Jami'a: Inna kin kama ni, ba ni da ta cewa sai dai in ce waɗanda suka yi nasara ba da baki kawai suka yi ba. A garin Montgomery na Amurka, bayan an kama Rosa Parks ran 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas, baƙaƙen fata sun ƙaurace wa bas kwana 381. Yawancin masu shiga bas ɗin mata ne 'yan aikatau a gidajen Turawa, ba su da halin rasa aikin yini ɗaya. Abin da ya riƙe su shi ne an tsara motocin da za su riƙa kwasar mutane, ana tara kuɗin mai a coci-coci, wasu matan na dafa abinci su sayar su zuba a asusun. Da ba wannan tsarin da sati biyu ba za a yi ba. Kuma a ƙasar nan ma mata ne suka fi iya abin, matan kasuwar Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fada kan harajin da aka ɗora wa mata har sai da Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949.

Inna Mai Ƙosai: To a fara tara kuɗin man kafin a fara jarumtar.

Jikan Baba: Jama'a Baba ya sa na karanta masa komai tun daga sama, ya ce in rubuta yadda ya faɗa kar in gyara. Ya ce: Ku yara kuna ta zuwa Amurka neman misali alhali ga shi a ƙofar gidanku. Ina yaro na ga an zaunar da mahaifina a rana a ƙofar gidan mai gari tun hantsi har azahar saboda kuɗin haraji bai cika ba, shekarar fari ce, an sa shi ya kalli rana, uwata ta kwance ƙwaryar auren ta da tasoshi ta aika aka sayar. Ba ya iya haɗa ido da mu har kwana uku. A lokacin dabarar talaka biyu ce, ko ka gudu cikin dare ka koma ƙasar wani hakimi, ko in kana da shanu ka kora su daji ranar ƙirgar jangali. Ba wanda ya taɓa tunanin za ka iya tsayawa ka ce a'a. Sai da jam'iyyar NEPU ta zo, an kafa ta a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya riƙa cewa talaka mutum ne. Abin da muka fara ƙi shi ne noman gandun sarakai kyauta. Aka yi shela ran gayya, muka zauna a gindin tsamiya mu goma sha ɗaya da fartanyunmu a gabanmu, ba mu ce uffan ba. 'Yan doka suka zo. Bulala goma sha biyu na sha da wata uku, tabon na nan a bayana wanda ke so ya zo ya gani. Gambo Sawaba mace ce, an ɗaure ta ya fi sau goma. Kuma kar wani ya ce muku duk lumana aka yi, akwai ranakun da aka yi ta doke-doke da 'yan banga, ni dai ban ga abin da dukan ya ƙara mana ba sai ƙarin fursuna. Haraji da jangali ba su faɗi ba sai 1979 da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano ya soke su, lokacin nan duk Kano muke. Ku ƙirga, shekara 29. Cikin mu goma sha ɗayan nan huɗu ne suka ga ranar.

Mai Shayi: Allahu akbar. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Tsohon Hedimasta: Allah ya ja kwana Baba. Amma a lura da ƙarshen labarin, ƙuri'a ce ta kashe haraji, gwamna ne ya sa hannu. Ta hanyar doka aka gyara doka.

Jikan Baba: Baba ya ce a gaya wa Hedimasta, wa ya koya wa talaka jefa wa wanda sarki ba ya so ƙuri'a? Bulalar ce ta koya masa.

Ɗan Legas: Ni fa duk na ji, kuma ina girmama Baba, amma shekara 29 kan tikitin ɗari biyar? Lumanar nan tana aiki ne in wanda kake yi da shi yana da kunya. Gandhi na Indiya ya ci nasara don Turawan Ingila na tsoron jaridunsu. A Afirka ta Kudu fa? An yi ta lumana har 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, shekara na zagayowa Mandela da kansa ya kafa reshen ɗaukar makami. Ko shi ma ɗan tarzoma ne?

Ɗan Jami'a: Tambayar na da nauyi yaya, masana ma ba su gama da ita ba. Amma kar ka ɗauka Turawan nan kunya ce ta cika su. Ka tambayi mutanen Haɗeja, a 1906 Sarki Muhammadu ya tsaya da takobi da dawakai, suka shigo da bindiga mai jigida, yini ɗaya aka gama, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Jarumta kam ba a fi su ba, amma wanda ya fi ka makami in ka zaɓi filin makami ka ba shi abin da yake so. Gandhi da ya tashi kan harajin gishiri a 1930, tafiya ya yi a ƙasa kusan kilomita 390 cikin kwana 24, ya isa bakin teku a Dandi ya ɗebi gishiri da hannunsa, shi kenan laifin. Aka kama mutum wajen dubu sittin har gidajen yari suka rasa wurin zuba su. Kuma ga wanda ba a cika faɗa mana ba, Musulmi ne, Abdul Gaffar Khan, Bafatane daga yankin Peshawar, mutanen da aka sani da bindiga da ramuwar gayya, ya tara dubbai suka yi rantsuwa ba za su ɗaga wa kowa hannu ba, ya ce daga haƙurin Manzon Allah a Makka ya ɗauko. A watan Afrilun 1930 sojoji suka buɗe musu wuta a kasuwar Peshawar suna tsaye ba su rama ba, har wasu sojojin suka ƙi bin umarnin harbi. Teburin da kake son ƙonawa kuwa, a 1922 masu bin Gandhi sun ƙona caji ofis a Chauri Chaura 'yan sanda 22 suka mutu, ya dakatar da gwagwarmayar ƙasa gaba ɗaya saboda wannan. Mu nan in aka ƙona tebur ɗaya, maganar rasit ta mutu, sai maganar su wa suka ƙona.

Ɗan Legas: Ba ka amsa na Mandela ba dai.

Ɗan Jami'a: Ban amsa ba. Amma yaran tikiti ba gwamnatin wariyar launin fata ba ne, ɗayansu ma ƙanin matar Mai Shayi ne.

Mai Shayi: Kai kar ka sa ni a ciki, mun ɓata tun bikin salla hhh

Na'ibi: Na saurara. Gaskiya ɗaya ce, ɗa'a ga shugaba ba ta zama a rufe baki ba. Hadisi ya tabbata mafificin jihadi kalmar gaskiya a gaban azzalumin shugaba, kuma a Nisa'in dai aya ta 148 an yi wa wanda aka zalunta izinin ɗaga murya. Imamu Ahmad bin Hambal an tsare shi sama da shekara biyu, an yi masa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim don a tilasta masa ya ce Alƙur'ani halitta ne, ya ƙi, kuma da mutane suka zo masa da maganar tawaye ya hana su. Ya ƙi bi, ya ƙi zare takobi. In wannan kuke nufi ba ni da ja. Sai dai shi kan aƙida ya tsaya, ba kan ɗari biyar ba, kuma bayansa ya miƙa ba bayan Inna Mai Ƙosai ba. Sharaɗin malamai shi ne kar gusar da ɓarna ya haifar da wadda ta fi ta. Sannan ba a tsallake mataki, an je wajen dagaci? An je wajen kansila? An rubuta takarda?

Mai Barkono: Allah gafarta Malam kansila tun da aka rantsar da shi ya koma birni, lambarsa ma ba ta shiga. Dagaci kuwa ba a je ba gaskiya.

Ma'aikacin Kotu: Ku yi haƙuri yanzu na samu caji. Akwai abin da kuka tsallake tun farko. Tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, ba gardama, amma kuɗin da za a karɓa sai an rubuta shi a dokar ƙaramar hukuma kuma a ba da rasit na hukuma. In ɗari biyar ɗin nan ba ta cikin kowace takarda, to wanda ya ƙi biya bai karya doka ba, mai karɓar ne ya karya. Kun ga duk Socrates ɗinku bai ma shigo ba tukuna. Ku fara neman a nuna muku takardar. Taro cikin lumana kuma sashe na 40 ya ba ku, kotun ɗaukaka ƙara ma ta yanke tun 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba, sai dai abin da ke takarda daban, abin da zai same ka a bayan kanta daban.

Tsohon Hedimasta: To in haka ne ni zan rubuta takardar da hannuna. Amma in suka fito da doka a rubuce mai hatimi cewa ɗari biyar ne, zan biya, kuma zan ce kowa ya biya har a canza ta.

Mai Barkono: Ni kuma Baba Hedimasta ko da hatimi goma, muddin tirela na wucewa kyauta ba zan bayar ba. Su kama ni. Ban ce kowa ya bi ni ba, Inna ki biya ɗarinki ba mai ganin laifinki.

Jikan Baba: Baba ya ce in za a zauna a bakin kasuwa a kai masa tabarma, ya ce shekararsa ta wuce a yi masa bulala sai dai su ɗauke shi da ita.

Admin: To ga inda aka tsaya. Litinin bayan la'asar Na'ibi da Hedimasta da Ma'aikacin Kotu za su je wajen dagaci da takarda. Duk mai 'yar takardar tikiti ta sati huɗun nan kar ya yar, a kai teburin Mai Shayi, a rubuta rana da adadin buhu a bayanta. Maganar Laraba sai mun ji abin da suka dawo da shi. Asusun da Inna ta ce kuma wa zai riƙe?

Ɗan Legas: Na turo dubu biyar ta wajen mai POS na bakin masallaci, a sa a kuɗin beli. Amma ni har yanzu ban gamsu ba.

Inna Mai Ƙosai: Ba na beli ba ne, na mai ne. A ba Na'ibi ya riƙe.

Mai Shayi: Masu kawo takardu a zo da kuɗin shayi, ba na ba da bashi don ana gwagwarmaya.